Sawun Farin Kambas a Gonar Baffa

Shekarun baya, lokacin da nake ganin mutanen duniya ba su da wani aiki sai kallon ƙafata, na sayi wani farin kambas a kasuwar Cadawa. Ku da kuke ganin hotunana a nan kun sha yi mini tsiya cewa kullum takalmina iri ɗaya ne, fari fat, babu ado, kamar wanda aka bar wa wasiyya da shi. To yau bari in gaya muku inda abin ya samo asali, da yadda takalmi ya kusa ƙarasa yanke zumuncin gidanmu.

Na ci rani a Maradi ne, a shagon wani mai sayen wake, ina awo ina ɗinke buhu. Da hadari ya fara haɗowa ta gabas sai na ɗaure kayana na nufi gida, wani ƙauye kusa da Gangara. Motarmu ta tsaya a Cadawa ranar kasuwa, direba ya ce sai ya ƙara fasinja, ni kuma ban iya zama wuri ɗaya ba, sai na shiga zagaye. A rumfar wani mai takalma na gan shi. Rumfar cike take da kambas masu hayaniya, ja da kore, masu ƙaton rubutu a gefe, masu tudun ƙasa kamar bulo, har da wani mai walƙiya in an taka. Shi kuwa yana can gefe ya yi shiru abinsa. Gajere ne, bai rufe idon sawu ba. Fatarsa mai laushi, ɗinki ɗaya ya zagayo ta baki ya koma baya, sai 'yan ƙananan huji a gefe don shan iska, sai farar igiya. Shi ke nan. Ba rubutu, ba tambari, ba wani launi da ya yi masa kutse. Na zura ƙafa na ji kamar ban sa komai ba. Na dubi kaina daga sama har ƙasa, na ga har tsohon wandona ya yi daraja. Ko cinikin kirki ban yi ba, don mai rumfar ya gane tun daga idona cewa ba zan tafi in bar shi ba.

Abin da ya kama ni da shi, har yau shi ne yake kama ni. Takalmi mai yawan ado yakan riga mai shi shiga wuri, mutane su gama gaisawa da takalmin kafin su ɗago su ga fuskarka. Wannan kuwa ba ya gardama da kowace tufa. In ka sa shi da wandon jins ya zauna, in ka sa shi da kaftanin Juma'a ya zauna. Sai dai ba wanda ya gaya mini cewa farin takalmi a ƙauye a bakin damina aiki ne na cikakken lokaci. Na samo tsohon buroshin haƙori da guntun sabulu na ware masa. Na kafa masa ƙusa a zaure, ina rataye shi cikin leda don kada kaji su hau. In zan fita, idona na ƙasa, ina tsallake kashin awaki da ruwan wanke-wanke kamar mai rawa. In na zauna hira, rabin hankalina na wurin magana, rabi na wurin ƙafar wanda ke kusa da ni, kada ya taka. Na rasa sukuni saboda takalmi, kuma ina jin daɗin rashin sukunin.

Mutanen gida ba su ga abin da na gani ba. Mahaifiyata ta ɗauke shi da yatsu biyu ta tambaye ni ko an gama ɗinka shi kuwa, ko na baro mai ɗinkin bai kai ga yin zane ba. Wani abokina ya ce irin wannan yake gani a ƙafar ma'aikatan likita a Gazawa, wai in zo in yi masa allura. Mahaifina ne kaɗai bai yi dariya ba. Yana zaune a zaure yana gyara ƙotar sungumi, ya ce in miƙo masa. Ya ɗora shi a tafin hannu, ya dubi gefen nan, ya dubi wancan, ya leƙa ciki. Bai juya shi ba, don a gidanmu ba a kifa takalmi. In ka bar takalminka a kife, kafin ka juyo wani ya gyara shi yana yi maka faɗa.

"Wanga ba shi da alama ko guda?" ya tambaye ni.

"Ko guda, Baba," na ce, ina hura hanci. "Ai kyansa ke nan."

Ya gyaɗa kai ya miƙo mini. Na ɗauka tsoho ya yaba da zaɓina, na kwana ina murna.

A nan sai in ɗan tsaya in yi bayani ga waɗanda suka tashi a kan kwalta. Ƙasar garinmu yashi ce, kuma kowa ya iya karanta ta. Mace takan fito ta dubi ƙofar gida ta ce akuyar gidan wane ta shigo. Magidanci yakan dawo daga gona ya san wanda ya zo gaishe shi bai same shi ba. Yawancin maza takalmin taya suke sawa, amma kowa da yadda nasa ya cinye, kowa da yadda yake ja. Sawun mahaifina kuwa ko makaho ya shafa zai gane, don yana da tsohon tabo a diddigen dama, ba ya son danna shi, sai ƙafar ta riƙa sauka a kan yatsu. To shi kambas ɗina, da saman nan nasa mai kunya, ƙasansa wani abu ne daban. Zane ne sirara-sirara kamar ƙayar kifi, da wani zagaye a ƙarƙashin babban yatsa. Ranar kasuwar Gangara na ratsa gari da shi tun daga ƙofar gidanmu har bakin hanya, ina tafiya a hankali don kowa ya gani. Kafin la'asar babu wanda bai san sawun ba.

Abu na biyu da ya kamata ku sani shi ne, mahaifina da ƙanensa, wanda muke kira Baffa, ba sa magana. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Bayan rasuwar kakanmu aka raba musu gona, aka dasa gamba a tsakani ta zama iyaka. Wata shekara wuta ta ci gambar, da ta tsiro kuma sai kowa ya ce ba a nan take ba. Wurin da ake gardama a kai, wallahi in ka shimfiɗa tabarma a tsaye ta kusa rufe faɗinsa, sai dai tsawo. Amma a kansa aka yi maganganun da ba a iya mayarwa. Tun ina ƙarami suka daina gaisawa. A sahu ɗaya suke sallah, in an sallame wannan ya fita ta ƙofar kudu, wancan ta arewa. Mu 'ya'ya muna gaida kowa, amma a tsaitsaye, muna waige.

Daminar shekarar nan da nake ba ku labari ta zo da wasa da hankali. Ruwan farko ya sauka, kowa ya yi shuka, gero ya fara leƙowa. Sai aka yi wata iska mai yashi ta binne rabin tsiron. Muka zauna muna kallon sama, ba noma, ba hutu, kowa ransa a dagule. Da ruwa na biyu ya samu sai gari ya watse cikin gonaki, kowa na cike gurbin inda shuka ta mutu tun ƙasa na da laima. Mu mun gama namu da wuri. Baffa kuwa ƙafarsa ta kumbura tun bazara, ko masallaci da sanda yake zuwa, 'ya'yansa maza kuma ba su dawo daga cin rani ba. Gonarsa ta zauna da faci-faci kamar kan mai ciwon makero. Kowa ya gani, kowa ya kawar da kai, don ba mai son shiga tsakanin 'yan'uwan nan biyu.

A kwanakin ne na fara ganin abin da ban gane ba. Al'adata in an idar da asuba sai in koma in ɗan rama barci. Wata safiya na sauko da ledar takalmina na ga igiyar a ƙulle, irin ƙullin da ake yi wa akuya a turke. Ni ba haka nake ɗaurewa ba. Na duba ciki na ga ɗanyen yashi. A gefen na hagu kuma akwai wani jan shafi, alamar an goge da jiƙaƙƙen tsumma, an ƙara ɓata shi wurin gyara. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na je na tsare abokina, na ce in yana so ya ara ya yi magana. Ya rantse, ya ƙara da cewa shi ko kyauta aka ba shi sai ya kai wa mai rini tukuna. Na dawo na wanke, na shanya a inuwa, na zauna ina gadi kamar mai jiran gawa ta motsa. Washegari ma haka. Na kasa cin abincin kirki. Duk wanda ya shigo zauren sai in bi ƙafarsa da ido ina auna ta.

Rana ta gaba na ƙi komawa barci. Na kwanta a ɗakina da ke kallon zaure, na ɗan ɗage labule. Gari bai gama wayewa ba sai ga mahaifina. Ya waiga dama da hagu, ya sa hannu ya sauko da ledar, ya zauna a kan turmi. Ya tuɓe takalmin tayarsa ya tura shi bayan randa. Sannan ya shiga kokawa da igiya. Ƙafarsa ba ta kai tawa ba, sai ya zagayo da igiyar ta bayan idon sawu ya ƙulle tam. Ya miƙe, ya ɗan gwada taku, ya ɗauki sungumi da wata 'yar ƙwarya a lulluɓe cikin riga, ya fice.

Na toshe baki da matashi don kada dariya ta fito. Na ce a raina, ashe tsoho ma ya kamu da son gayu, kunya ce ta hana shi faɗa. Har na fara shirya yadda zan ba abokina labari. Ban ko tambayi kaina abin da mai son gayu zai yi da sungumi ba, alhali mun gama shuka.

Dariyar ba ta kai azahar ba. Ina zaune ina goge takalmin da aka dawo mini da shi a ɓoye, sai ga ɗan aiken mai gari ya yi sallama. Ya ce ana nemana bayan la'asar, ni da mahaifina, kuma in zo da farin takalmina a hannu. Baffa ya kai ƙara. Wani mai wucewa ya gaya masa an yi sabuwar shuka a gonarsa, ya lallaɓa da sanda har bakin gonar ya gani da idonsa, ya kife ƙwarya a kan sawun don kada iska ta share.

Wanda bai san ƙauye ba zai ce, to mene ne, an yi maka shuka kyauta? Ba haka abin yake ba. A wurinmu in ka zuba irinka a ƙasar da ake gardama kusa da ita, ka ce taka ce ke nan. Bana ka shuka, baɗi ka kawo shaidu cewa sun ga ka shuka. Baffa ya ce yayansa ya ga ya kwanta ciwo, 'ya'yansa ba sa nan, shi ne ya turo ɗansa ya ci masa gona da rana tsaka. Ya ce in mai gari bai raba ba, zai hau amalanke har Gazawa ya kai wa jandarma. Kuma kun san yadda ake shuka, a sari rami da sungumi, a jefa iri, a rufe da ƙafa a danna. Wato kowane rami ɗauke yake da hatimin takalmina, ƙayar kifi da zagaye, kamar na bi ina sa hannu.

Ban taɓa jin rana mai tsawo kamar wannan ba. Na shiga ɗaki na fito, na je bakin rijiya na dawo ba tare da na san abin da ya kai ni ba. Na zauna, na tashi. Lissafin da ke kaina bai da mafita. In aka ce in rantse ban je gonar ba, zan iya rantsewa da gaskiyata, amma tambaya ta gaba ita ce, to wa ya sa takalminka? In kuma mahaifina ya ce shi ne, to abin ya fi muni, dattijo ya sa takalmin ɗansa ya ɓad da sawu ya shiga gonar ƙanensa da duku-duku. Wa zai yarda alheri ya kai shi? Ni kaina a lokacin ban tabbata ba, kuma wannan shi ya fi ci mini rai. Ina son mahaifina, ina ganin girmansa, amma na san zafin da ke zuciyarsa a kan iyakar nan.

Tambayarsa kuwa ba ta taso ba. A gidanmu ɗa ba ya tsare ubansa da tambaya. Sai na je wurin mahaifiyata tana tankaɗe, na tsuguna na ce mata na ga wanda yake ɗaukar takalmin. Ba ta ɗago ba. Ta ce ita ma ta ga irin geron da aka ajiye a tukunya yana raguwa, kuma ba ɓera ba ne. Na ce to me zan faɗa a gaban mai gari?

"Kada ka yi ƙarya," ta ce, "kuma kada ka tona ubanka."

Na ce, Inna, ai waɗannan biyun ba sa haɗuwa. Ta ce in je dai, ta ci gaba da tankaɗenta. Amma na lura garin da take tankaɗewa ta riga ta tankaɗe shi tun ɗazu.

Bayan la'asar muka tafi. Mahaifina a gaba da takalmin tayarsa, ni a baya da silifas, na rungumo farin kambas kamar jariri. A ƙofar mai gari mutane sun taru fiye da yadda ƙaramar magana ta cancanta, don lokacin jiran noma ne, kowa na neman abin kallo. Baffa ya faɗi ƙararsa, bai dubi gefenmu ba. Mai gari dattijo ne da ba ya son yanke magana daga zaune, ya ce a tashi a je a ga ƙasar. Aka ɗora Baffa a amalanken jaki, muka bi a ƙafa.

A bakin gonar aka ɗage ƙwaryar. Sawun yana nan raɗau a kan damshi, kamar yanzu aka taka. Wani ya karɓi takalmin daga hannuna ya ɗora a kai, ya zauna daram. Na ji gunaguni ya tashi a bayana. Mai gari ya dube ni ya tambaya ko ni ne na yi shukar. Na ce, "Ranka shi daɗe, takalmina ne." Ya ce ba takalmi ya tambaya ba. Na sunkuyar da kai na sake cewa takalmina ne. Ta gefen ido na ga mahaifina ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, na san zai yi magana, na kuma san in ya yi shi ke nan.

Baffa ne ya riga shi. Ya ce a dakata. Ya sa aka sauko da shi daga amalanken, ya dogara sanda ya shiga gonar, abin da bai iya yi ba da safe, don a bakin hanya ya tsaya. Muka zuba masa ido yana ɗingishi yana bin ramukan. Ashe shukar ba layi aka ja ba irin na mai cin iyaka. Tsalle take yi. Inda tsiron Baffa ya rayu an kewaye shi, inda yashi ya binne an cike. Ta nutsa can cikin tsakiyar gonar, wajen da ba wanda ya taɓa gardama a kansa, ta nufi gindin gawo. Shi kuwa siririn wurin nan da aka shekara da shekaru ana faɗa a kai, babu rami ko ɗaya a cikinsa. Sawun ma tsallake shi ya yi.

Baffa ya daɗe a tsaye yana kallon ƙasa. Ya matsa gaba ya duba wani ramin, ya duba na kusa da shi. Sannan ya yafito ni. Ya caka sandarsa a yashi ya yi ɗan rami, ya ce, "Rufe mini wanga in gani." Ban gane nufinsa ba. Na sa ƙafa na ja ƙasa na danna, yadda na saba tun ina yaro, da ƙafar dama, kamar kowa. Ya dubi nawa, ya dubi sauran. Sai a lokacin ni ma na gani. Duk ramukan gonar da ƙafar hagu aka danne su. Mutum ɗaya ne a garinmu yake rufe shuka da hagu, saboda diddigensa na dama ba ya son danni.

Baffa bai juya ya dubi yayansa ba. Ya dawo a hankali har gaban mai gari, ya ce, "Ranka shi daɗe, na janye ƙarata. Na san mai sawun, ba baƙo ba ne." Wasu suka fara tambaya, to wane ne? Mai gari ya ɗaga hannu ya ce mai gona ya janye, magana ta ƙare, kowa ya kama gabansa kafin magariba. Ina jin shi ma ya karanta ƙasar tun kafin mu. Aka miƙo mini takalmina, ya yi jawur da yashi, kuma karon farko ban ji komai ba da na ga dattinsa.

Mun dawo gida kamar yadda muka tafi, shi a gaba ni a baya. Amma ni hankalina bai kwanta ba. Janye ƙara ba shiri ba ne. Na yi ta juya abin a raina, ko Baffa ya ji kunya ne kawai, ko ya ɗauka an yi masa gori, an nuna wa gari cewa ya kasa. Mutumin da ya yi shekaru bai gaishe ka ba, ba lallai ne ya so alherinka ba. Washegari na kasa zama, na share zaure sau biyu, abin da ban taɓa yi ba ko an sa ni.

Da hantsi muka ji ƙarar sanda a ƙofa, sai sallama. Mahaifina yana zaune a inda ya saba. Ya amsa. Baffa ya shigo, ya tuɓe takalminsa ɗaya da ke shiga ƙafarsa, ya zauna a bakin tabarma da ƙyar. Rabon da ya taka zauren nan tun ban fara lakol ba, wato makarantar boko. Na tashi zan ba su wuri, ya ce in zauna. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta ruwa da ta jiki, kowa na kallon tabarma. Da gaisuwar ta ƙare, Baffa ya ɗaga kai ya ga ledar a rataye a ƙusa.

"Yaya," ya ce, "in za ka koma, ka sa naka. Na yaron ya yi maka yawa."

Mahaifina ya murza ƙotar sungumi. Sannan ya ce, "Wajen gawo ya rage. Gobe in Allah ya kai mu, tun ƙasa ba ta bushe ba."

Shi ke nan abin da suka faɗa a kai, daga ranar har yau. Ba wanda ya ce yi haƙuri, ba wanda ya ce na gode. Mahaifiyata ta aiko da fura, suka sha a ƙwarya ɗaya, ludayi na zagawa tsakaninsu. Da Baffa zai tafi, ya nuna diddigen mahaifina da sanda ya ce mini, tabon nan shi ya yi masa da sungumi suna yara, kuma yayan nasa ya ce wa kakanmu shi ya taka da kansa. Ya faɗa kamar yana ba da labarin farashin gero, ya fita.

Muka rage mu biyu a zaure. Ina jira in ji ko mahaifina zai yi mini wani bayani, ko ya yaba mini da na riƙe bakina. Ya dube ni tsawon lokaci, ya dubi ledar.

"Kai kuma," ya ce, "ka ce mini ba shi da alama ko guda."

Washegari muka tafi gonar Baffa tare, rana a sama, kowa na gani. Mahaifina yana sara, ni ina jefa iri, shi da takalmin tayarsa, ni da kambas ɗina, don na ga ba sauran abin da zan kare masa. Takalmin bai ƙara komawa fari ba. Na hagun ma ya fi na daman duhu, ya kuma fi shi cinyewa ta diddige, ko da na wanke ba ya fita, daga baya na daina gwadawa.

Mahaifina ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Baffa ne ya yi masa wanka. Siririn wurin nan har yau ba wanda ya shuka shi, gamba ta cika shi, gidajen biyu suna yanka suna saƙa zana. In na tuna abin nakan ji dariya da ƙwalla sun zo mini tare. Na yi ta fama in sa takalmin da zai sa a gan ni, shi kuma ya ɗauke shi ne don kada a gan shi, kuma dukanmu saman takalmin kawai muka duba. Na daɗe ina ɗauka cewa mahaifina mutum ne mai tauri, don ban taɓa jin ya faɗi magana mai taushi ba. Ashe yana da ita, ba ta baki take fita ba.

Har yanzu irin wannan takalmin nake saye, fari, gajere, mara rubutu, kuma har yanzu ina tsallake ruwan kwata da shi kamar mai rawa, wannan halin bai bar ni ba. Sai dai in na shiga rumfa, kafin in dubi samansa sai na juya shi na ga ƙasan, masu takalma suna kallona suna mamaki. Na farkon kuwa yana nan a gida cikin ledarsa, a ƙusar nan ta zaure. Igiyar na hagun tana ɗaure da ƙullin akuya, yadda ya bar ta a safiyar ƙarshe. Ko ranar da muka je wajen gawo a haka na tura ƙafata, kuma har yau ban kwance ba.